Matasanmu masu keken tsere: ku san tayar da kuke ɗora ranku a kai



Duk wanda ke fita da sassafe ranar Asabar ko Lahadi a nan Legas ya san masu atisayen keke sun ƙaru, kuma akwai yaranmu a cikinsu. Abin farin ciki ne. Tun da Ese Ukpeseraye ta wakilci Najeriya a tseren keke a gasar Olamfik ta Faris a 2024, matasa suka ƙara gane cewa wannan wasa yana iya kai mutum nesa. Sai dai yawancin kekunan da yaranmu ke iya saya na gwanjo ne, tokumbo daga Turai, kuma wasu suna zuwa da wata irin taya da masu facinmu ba su saba da ita ba. Ana kiranta tubula. A kanta nake so mu yi magana, domin kuskure a wajen zaɓenta asarar kuɗi ne, kuskure a wajen ɗaura ta kuwa asibiti ne.

Tayar keken da muka sani tun muna yara tana da baki biyu masu kama gefen wili, tiyub yana ciki, in ta yi faci a zare shi a liƙe a mayar. Tubula ba haka take ba. An saka tiyub ɗin cikin taya an ɗinke ta ruf, an rufe ɗinkin da wani ƙyalle. Wilinta ba shi da gefen da zai riƙe ta, ɗan kwari ne kawai. Abin da ke haɗa ta da wili gam ne, sai ƙarfin iska. Wato duk lokacin da yaro ya kwanta a kwana da gudu, ransa yana rataye ne a kan gam ɗin nan.

Me ya sa irin waɗannan wili suke zuwa da araha? Domin manyan 'yan tsere sun fara barinsu. Shekaru da yawa tubula ce tayar ƙwararru, amma yanzu yawanci sun koma tubles. A 2021 ɗan Italiya Sonny Colbrelli ya ci tseren Paris-Roubaix, wanda ake bi ta kan hanyoyin duwatsu a arewacin Faransa, a kan tubles. Abin da Turawa suka rage amfani da shi, shi ke cika kasuwar gwanjo. Yaro zai ga wilin kabon mai sheƙi a farashin da bai zata ba, ya biya da murna, bai san ya sayo wa kansa ɗawainiya ba.

Ra'ayina a taƙaice shi ne: wanda zai yi atisaye a kan titunanmu da tubula, ya sayi mai kauri mai jure huji ko da ta fi nauyi, kuma ya ɗaura ta da gam ɗinta na asali cikin haƙuri na kwana uku zuwa huɗu. Wanda ba zai iya waɗannan biyun ba, ya ajiye wilin ya nemi na taya mai tiyub.

Mu fara da zaɓe. Masu sayarwa suna yawan kuranta taya da cewa ba ta da nauyi, ta gasa ce. Tayar gasa irin Vittoria Corsa tana da laushi da gudu, amma an yi ta ne don hanyar da aka share, ga motar ƙungiya a baya ɗauke da wani wilin. Mu kuwa gefen titi muke bi, inda guntun kwalba da ƙusa da tsinken wayar tsohuwar tayar mota suke taruwa, musamman bayan ruwan sama. Don atisaye, a nemi wadda aka saka wa shimfiɗar kariya a ƙarƙashin robar. Continental Sprinter Gatorskin tana cikin waɗanda suka yi suna a nan, domin har gefenta an ƙarfafa. Vittoria Rally ta fi araha kuma don atisaye aka yi ta, amma ba ta kai waccan juriya ba. Akwai kuma Tufo, ta ƙasar Cek, wadda ba ta da tiyub daban a ciki, shi ya sa ruwan toshe huji yake yi mata aiki sosai.

Abubuwa uku za a duba kafin a biya. Na farko faɗi: milimita 25 ta fi 22 dacewa da hanyoyinmu, domin tana ɗaukar iska da yawa, ta fi shanye dukan rami, matuƙar jikin keken yana da wurin da za ta wuce. Na biyu irin tiyub ɗin ciki: na latas yana rage iska cikin dare ɗaya, sai an yi famfo kullum, na butil kuwa yana riƙe iska kwanaki, shi ya fi dacewa da mai atisaye. Na uku bawul: a tabbata kansa yana kwancewa, don ta nan ake zuba ruwan toshe huji, ta nan kuma ake ƙara masa tsawo in wilin mai zurfi ne. Sannan a kula da tsufa. Tayar da ta daɗe a ajiye cikin zafi robarta tana tsattsagewa, ƙyallen ƙasan yana ɗagowa. In ka ga haka, ko kyauta aka ba ka kar ka karɓa. Araha ba ta ado.

Sai ɗaurawa, kuma nan ne babbar damuwata. Masu facinmu gwanaye ne a aikinsu, amma wannan aiki ne da yawancinsu ba su taɓa yi ba. Sholishon faci ba gam ɗin tubula ba ne. Haka gam ɗin takalmi, haka sufa-gulu mai bushewa ƙam ya tsage. Gam ɗinta daban ne, irin su Vittoria Mastik One ko na Continental, wanda ya ware na wilin alminiyam da na kabon. Akwai kuma tef mai danƙo fuska biyu na Tufo, ya fi sauƙi da tsabta, sai dai masu gyara da yawa sun fi amincewa da gam domin ya fi kama gefe, kuma gefen ne ke riƙe taya a kwana.

Ga yadda ake yi. Ranar farko, a ɗora sabuwar tayar a kan busasshen wili ba gam, a ba ta iska, a bar ta ta kwana don ta miƙe. Na Continental musamman suna da matsi, wanda ya tsallake wannan mataki zai sha wahala. Kafin gam, a kankare tsohon da ya bushe ya yi gudaji, a goge wilin da asiton har maiƙo ya fita. Daga nan a shafa gam siriri da ɗan buroshi daga gefe zuwa gefe, a shafa wa ƙyallen ƙasan tayar shi ma, a bar su su kwana. Washegari a ƙara wa wilin shafi na biyu, ya sake kwana. Rana ta gaba a yi shafin ƙarshe, tun yana da danshi a ɗora tayar da 'yar iska kaɗan a ciki: a fara da bawul, a kafa wilin a ƙasa mai tsabta, a riƙa jan tayar da hannu biyu daidai wa daida har ta hau. A juya wilin a duba ko ta zauna a tsakiya, ƙyallen ya fito daidai ta kowane ɓangare, a gyara da wuri kafin gam ya kama. Sannan a cika iska a bar ta awa 24 ba a hau ba. Kafin hawa, a sace iskar a tura tayar gefe da manyan yatsu a wurare daban-daban. In ta ɗago cikin sauƙi, aikin bai yi ba, a sake.

Wani zai ce wannan ai tsanani ne. To, a tuna da Joseba Beloki, ɗan Sifen. A gasar Tour de France ta 2003 yana matsayi na biyu, suna gangarowa zuwa garin Gap cikin zafin da ya narkar da kwalta, ya taka birki, ƙafar baya ta zame, tayar ta fice daga wili. Ya karye a cinya da gwiwar hannu da wuyan hannu, kuma bai sake komawa ƙarfinsa na da ba. Wannan mutum ne da ƙwararrun makanikai ke ɗaura masa taya. Ina ga yaron da aka liƙa wa tasa da sholisho a bakin hanya, ya hau bayan minti talatin, ga danfo a bayansa? Zafi yana sassauta gam, zafin rana da na birkin da ke goga wili, mu kuwa ba mu rabuwa da zafi. Don haka duk bayan 'yan watanni a sake gwajin nan na yatsu.

Ban ce tubula ba ta da amfani ba. Ba ta cika yin facin nan da rami ke jawowa ba, inda wili ke danne tiyub ya huda shi wuri biyu. In ta sace kuma, matuƙar an liƙa ta da kyau, tana zama a kan wili har mutum ya tsaya lafiya. Amma a lissafa kuɗin. In huji ya fi ƙarfin ruwan toshewa, gyaranta sai an ɓamɓare ta, an farke ɗinki, an liƙe, an sake ɗinkewa. Mutane da yawa sabuwa kawai suke saya, ita kuma daga waje take zuwa, da kuɗin waje. Mai fita da ita dole ya riƙe wata a naɗe ƙarƙashin sirdi, wadda aka riga aka shafa wa gam, in ya canza a hanya kuma ya koma gida a hankali, ban da kwanciya a kwana. Mai taya da tiyub kuwa, kowane mai faci daga Agege har Epe zai sallame shi cikin 'yan mintuna.

Saboda haka ga shawarata ga matasa: in kana da wilin tubula, ka adana shi don ranar gasa, ka nemi wilin alminiyam mai tiyub ka yi atisayenka na kullum. In kuma shi kaɗai gare ka, ka sayi taya mai kauri da gam na asali, ka ba aikin kwanakinsa. Kar ka cika iska har ƙarshen lambar da ke jikin taya. Ga mai nauyin kilo 70 a kan milimita 25, wajen 90 a ma'aunin famfo ya isa. Bayan kowace fita ka duba robar ka cire guntun kwalba tun bai nutse ba.

Iyaye da yayye kuma, ku da kuke taimakawa da kuɗin keken nan, ku tambayi yaro wace irin taya ce a kai, wa ya ɗaura ta, da wane gam. In ya kasa amsawa, kar ya fita da shi sai an duba. Waɗanda suka iya aikin a cikinmu, ku daure ku koya wa na baya, ku haɗa kuɗi ku sayi gwangwanin gam guda ku raba, zai ishi wili da yawa. Kuma ko da wace taya ce, ban da fita babu hular kwano.

Allah ya tsare mana yaranmu a kan hanya.