Lissafin Keke na Bana

 Shekara ta zo ƙarshe, kowa ya jawo littafinsa yana duba shiga da fita. Ni ma na ƙirga kayan shago, na rubuta waɗanda nake bi da masu bina, kuma Alhamdulillahi ba a taɓa uwar kuɗi ba. Saura ɗaya littafin, wanda masu bin wannan fili suka san duk ƙarshen shekara sai na buɗe muku shi, wato littafin keke.

Tsohon littafin bashi ne da shafukansa suka rage. A ciki nake rubuta duk fitar da na yi: ranar, inda na je, kilomita nawa, minti nawa. Bara na haɗa kilomita 4,300. Bana sau biyu ina tarawa ko na yi kuskure, amma 3,150 ɗin dai nake samu. Faɗuwa ce, ba ta da wani suna. Kuma abin da ya jawo ta aure ne, auren 'yata ta biyu.

Ga waɗanda suka same mu a tsakiyar zance: ni mutumin Maraɗi ne, na sauka Wagadugu ina saurayi, a Zangwetin, unguwar Hausawan nan da aka rushe a 2003. Shadda da atamfa nake sayarwa kusa da babbar kasuwa, Rood Woko. Shekara bakwai ke nan da likita ya auna ni ya ce jinina ya hau, suga kuma tana bakin ƙofa. Ya tambayi aikina, na ce ciniki. Ya ce a'a, jikinka nake tambaya, me yake yi daga safe zuwa dare? Na duba: zama kan benci, shayi zagaye uku da sukarinsa, shinkafa da rana, sannan babur zuwa masallacin da bai kai taku ɗari biyu ba. Ya rubuta mini magani, ya ce in motsa. Tafiyar ƙasa ta gundure ni cikin mako biyu. Sai na sayi keken tsere na hannu, cikin kayan nan da mutanen garin ke wa laƙabi da "Faransa sai wata rana", a kan jika tamanin.

Wanda ya san Wagadugu ya san garin keke da babur ne. Mace za ta ɗauro kayan miya har sun fi kanta tsawo, goyo a baya, tana murza feda, babu mai waiwayarta. Amma mu Hausawa duk inda muka je da namu ma'auni muke tafiya. A wurinmu keke na yaron shago ne, ko na wanda ya karye. Shekarar farko har wani uban ɗakina da nake karɓar kaya a hannunsa daga Lome ya bugo waya yana kewaye-kewaye, wai ya ji an ce an gan ni kan keke, lafiya dai ko? Na gane bashinsa yake tambaya. Na biya shi kafin lokaci, maganar ta mutu. Sai kuma batun sutura. Matsattsen wandon nan na masu tsere yana da soso a ciki, in babu shi sirdi zai hana ka zaman sallah, to amma ni ba na fita da shi haka. Ina ɗora wando mai kauri da ya wuce gwiwa a kai. Yaran da muke fita da su suna dariya, wai na ɗaura wa kaina tuta iska tana ja. Su yi ta yi.

Na ɗauka duk an wuce wannan, sai da aka zo neman auren yarinyar nan bayan ƙaramar sallah. Dangin yaron mutanen kirki ne, 'yan kasuwa irinmu. Suka yi bincike kamar yadda aka saba, kuma cikin abin da ya dawo kunnen uwargida har da cewa wata gwaggon yaron ta ce, uban yarinya dai an ce dattijo ne, amma kullum da asuba yana kan titi da hular kwano yana tsere da yara. Da dare Hajiya ta same ni. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Alhaji, don Allah ka jingine keken nan har a ɗaura. In an kai yarinya ɗakinta ka hau har Makka."

Na so in yi gardama. Na ce lafiyata ce, likita ne ya sa ni. Ta ce ta sani, ita ke ba ni maganin, amma 'yarta ce za ta zauna da mutanen nan, ba ni ba. Na rasa ta cewa. Har yau ban ce ta yi kuskure ba. Na rataye keken a ɗakin ajiya, na lulluɓe shi da tsohon zane. Mako bakwai.

To ga abin da ban sani ba sai bana. Ni a zatona son keke ya riga ya zama jinina, ranar da aka kai amarya washegari zan sauko da shi. Aka yi biki lafiya, baƙi suka watse, washegari na ce gajiya. Jibi na ce damina ta sauka, hanya da santsi. Mako ya zagayo na ce taya ta sace, sai na sami lokacin zuwa wurin mai faci, alhali famfo na rataye kusa da keken. Bayan sallar asuba sai in koma in kwanta, kuma wallahi barcin nan akwai daɗi. Mako bakwai na Hajiya suka zama goma sha biyu, biyar ɗin nawa ne ni kaɗai. Da na je awo, jinin da ya daɗe yana zaune a 13 ya koma 16. Likitan ya dube ni ta saman tabarau, ya ƙara mini ƙwaya ɗaya. Kun san abin mamaki? Ko wannan bai fitar da ni ba. Na karɓi maganin na ce Litinin zan fara, Litinin ta zo ta wuce.

Wanda ya fitar da ni wani tsoho ne Bamoshe, bakanike da ya ajiye aiki, shekararsa 64. Tare muke fita tun shekarata ta biyu. Bai yi mini wa'azi ba, ko waya bai buga ba. Wata Talata ina dawowa daga masallaci na tarar da shi a ƙofar gidana, ya jingina da bango, kekensa a hannu. Ya ce, "Laji, ina jira." Na ce taya ba iska. Ya ciro famfonsa. Na ce ban karya ba. Ya miƙo mini ayaba. Yara masu tafiya makarantar allo suka fara tsayawa suna kallonmu, kunya ta sa na shiga na sauko da keken. Ranar ko madatsar ruwan Lumbila ba mu kai ba, wajen kilomita ashirin kacal daga gari, na ce mu juya. Numfashi kamar na wanda aka biyo. Ranar Alhamis ya sake zuwa. Haka ya yi ta yi har wata guda, sannan ya ce daga yau ni zan riƙa zuwa ƙofarsa.

Tsarinmu ba wani mai wuya ba ne, ga mai son gwadawa. Talata da Alhamis gajeriyar fita, mu je Lumbila mu dawo kafin a buɗe kasuwa. Lahadi doguwa, ko hanyar Po har Kombisiri, ko hanyar Bobo har Kokologo, kowanne kilomita arba'in da 'yan kai ne zuwa kawai. Da can mukan yi nisa fiye da haka ta wasu hanyoyin, amma tun da tsaro ya taɓu muka taƙaita, kuma ba ma fita mutum ɗaya. Gora biyu ta ruwa, ɗaya da ɗan gishiri da sukari, dabino bakwai a aljihu, tif na ajiya, fitila gaba da baya saboda manyan motoci. Da azumi, da yake a 'yan shekarun nan cikin zafi yake faɗowa, ba na wuce rabin awa, dab da magariba, a hankali, in dawo in tarar da kunu. Wanda ke da hawan jini ko suga kuma, don Allah ya fara ganin likita kafin ya ga mai keke.

Yanzu da hunturu ya shigo, iska daga gabas maso arewa take busowa. In ka nufi Ziniyare tana dukan ƙirjinka, kana murzawa kamar an ɗaure ka da igiya, ƙura har cikin haƙori. In ka juyo kuwa sai ta tura ka gida kamar ka biya ta. Shi ya sa kullum muke fara tafiya da fuskantarta, tun da sauran ƙarfi. A nan ne kuma mutum ke sanin amfanin tafiya a jere. Na gaba shi ke fasa iska, na bayansa in ya manne wa tayarsa ƙarfin da zai kashe ya ragu sosai. Sai a riƙa karɓa-karɓa, kowa ya ja na ɗan lokaci ya koma baya ya huta. Wanda ke laɓewa a baya kullum bai taɓa karɓar gaba ba, ba a ce masa komai, amma ranar da tayarsa ta fashe zai ga yadda ake jira.

Tsere ɗaya tak na shiga bana, cikin Nuwamba. Ba na hukuma ba ne, mu masu shekara 45 zuwa sama muka haɗa kuɗi muka shirya abinmu, kilomita 60, na ɗaya ya ɗauki buhun shinkafa. Mu 23 muka tashi. Kafin nan mun je bakin hanya kallon Tour du Faso, gasar da ake yi tun 1987, wadda ke ɗaukar kwanaki ana bin ƙasar zango-zango kamar ayarin kakanninmu. Mutanen nan suna ji da ita. Ban manta 2014 ba da aka soke ta saboda tsoron Ebola, gari ya yi kamar an hana sallah. A 2023 kuwa da ɗan ƙasa Paul Daumont ya lashe, har a kasuwa an yi ta ihu. In ayarin nan ya wuce ka, iskarsa kaɗai sai ta kaɗa maka riga, ƙiftawa da Bismillah sun ɓace. Matsalar ita ce kallon yana shiga kai. Ka dawo gida kana jin kai ma Biniam Girmay ne, ɗan Eritiriyan nan da ya ɗauki koriyar riga a gasar Faransa ta 2024, ka manta shekararka 56 kuma wata uku ka yi kana barcin safe.

Abin da ya same ni ke nan. A wajen kilomita 15 mutum biyar suka ɓalle, na bi su. Na san ba ajina ba ne, amma ƙafa na jin daɗi, zuciya na cewa yau ce ranar. Na riƙe su har kilomita 30. Daga nan cinyar dama ta ɗaure, ta hagu ta biyo ta. Na ga tayar gabana tana nisa, taku ɗaya, taku biyar, shi ke nan. Waɗanda na bari a baya suka riƙa wuce ni ɗaya bayan ɗaya, wasu har da sannu. Ruwana ya ƙare. Na tsaya wurin wata mai sayar da ruwan leda a bakin wani ƙauye, na laluba aljihu babu ko dala, na bar kuɗin a mota. Ta ba ni biyu ta ce in tafi. A raina na gama yanke shawara in motar da ke bin mu a baya ta iso zan ɗora keken in hau.

Sai ga tsohon nan ya iso, yana tafiyarsa ta kullum, ba sauri ba nawa. Ya rage gudu ya ce, "Laji, kama tayata." Na ce ya tafi, na gama. Bai ko waiwayo ba, ya dai ƙi ƙara gudu. Na hau na manne masa. Kilomita ashirin da wani abu yana fasa mini iska, ko sau ɗaya bai nemi in karɓa ba, in ya ji na fara sakewa sai ya sassauta. Shi ya zo na 18, ni na 19. Na san ƙarfinsa, da ya bar ni da cikin goman farko zai shiga. Da na yi masa godiya sai ya ce in bar godiya, in dai koma in biya matar nan kuɗin ruwanta. Lahadin da ta biyo muka koma, muka same ta, ta ƙi karɓa, sai da na sayi gyaɗarta ta jika guda.

Da na dawo gida ranar tseren Hajiya ta ga yadda nake taka ƙasa kamar mai kaciya, ta tambaya na nawa na zo. Na faɗa mata. Ta ce, "Su nawa ne?" Na ce 23. Ta ce to Alhamdulillahi, akwai mutum huɗu da matansu suka fi ta jin kunya. Amma ita ta dafa ruwan zafi ta kawo man zafi. Gwaggon angon kuwa har yanzu in mun haɗu a sabga "Alhaji mai keke" take ce mini, ni kuma in amsa, don ban ga ƙarya a ciki ba. Yarinya dai tana ɗakinta lafiya. Awon jini na makon jiya 14, likita ya ce in ya ƙara sauka zai janye ƙwayar da ya ƙara.

Baɗi in Allah ya kai mu da rai da lafiya, ban ɗaukar wa kaina alkawarin kilomita ba, na ga yadda alkawarina yake. Abu ɗaya muka sa a gaba ni da tsohon: Kudugu, kilomita ɗari daga nan, mu kwana mu dawo washegari, kafin zafin Maris ya sauka. Akwai kuma ƙanwar amarya da ta tasa, na riga na gaya wa Hajiya duk mai zuwa nema a faɗa masa maganar keke tun a zaure.

Sai roƙo ga 'yan uwa na Lome da Kumasi masu harkar kayan keke. Tayata ta baya ta cinye har zare ya fara leƙowa, irin da ake samu a nan kuwa ba ta wata uku. Lamba 700 nake nema, faɗi 25 ko 28. Wanda ya ci karo da mai kyau ya ajiye mini biyu ya aiko ta hannun direbobinmu, ɗaya tawa ɗaya ta tsohon, kuɗinsa na nan.