Dila malamin daji da dokar ƙasa

A shekarar 2015 masana ilimin dabbobi sun bayyana cewa dilan da ke yawo a dajin ƙasashenmu ɗan'uwan kyarkecin Turai ne na kusa, har suka canza masa suna a cikin littattafansu. Makiyayin Dungas bai ji wannan labari ba. Abin da ya sani shi ne ɗan akuyarsa da ya kwana bayan gari bai wayi gari ba.

Gundumomin Magarya da Dungas suna cikin wuraren da jama'a suka fi yawa a jihar Damagaram. Gona ta haɗu da gona, makiyaya ta ƙuntata, burtali ya matse. Sai dai tun daga shekarun 1980 manoman yankin suka koma ga barin gawo da sauran itatuwa su tsiro cikin gonakinsu, har baƙi na zuwa daga nesa domin ganin wannan aiki. Inda itace ya komo, ƙananan namun daji su ma suna samun mafaka, saboda haka dila da mai kiwo ba su da makawa sai sun zauna maƙwabtaka.

Dokar farauta da kiyaye namun daji mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga watan Afrilu 1998 ta hana kisan dabba da nama mai guba, ta hana farautar dare da ta wuta. Hanin gubar nan shi ne ya fi cancanta a tsaya kansa. A zamanin Turawa da bayansa ma'aikatar kiwo da kanta ta yi ta zuba guba a daji domin kuraye da diloli, kuma abin da ya biyo baya sananne ne: mushen da aka sa wa guba ba ya zaɓen mai ci. Ungulu ta ci ta mutu, karen gida ya ci ya mutu. Dila kuwa, duk da ɓarnarsa, yana cin ɓeraye da fara, waɗanda su ne ɓarayin gero da wake na gaske. Wanda ya ƙarar da shi a gonarsa ya rage wa kansa mai gadi.

Amma dokar da ta tsaya a takarda da Faransanci ba ta isa ga Bafulatanin da ya yi hasara. A Faransa, inda kyarkeci ya komo a 1992, gwamnati tana biyan diyyar tumakin da ya kashe, kuma duk da haka ƙorafin makiyaya bai kwanta ba, har ƙasashen Turai suka sassauta kariyarsa a ƙarshen 2024. Baitulmalin Nijar ba zai ɗauki irin wannan diyya ba, kuma bai kamata a yi wa talaka alkawarin da ba za a cika ba.

Abin da ke hannun hukuma ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Ya wajaba ma'aikatan gandun daji su karanta wa jama'a dokar da Hausa da Fulatanci a gidajen rediyon karkara da ranakun kasuwa, su kuma faɗi inda mai hasara zai kai kuka. Masu gari da ardo-ardo su tsaya kan shinge mai ƙarfi na ƙaya da kare mai gadi ga ƙananan bisashe, musamman lokacin haihuwa. Masu sayar da maganin ƙwari a kasuwannin kan iyaka kuma a bi sawunsu, domin yau daga teburinsu ake sayen gubar da ake zubawa a kan mushe.