Na'urar daidaita bugun zuciya: tazarar da ke tsakanin Turai da Kaikai

A shekarar 2021 likitocin zuciya a Turai, ƙarƙashin jagorancin Michele Brignole na Italiya, suka fitar da sakamakon binciken APAF-CRT. Sun bi marasa lafiya 133 da zuciyarsu ta gaza, kuma ɗakunanta na sama suke karkarwa maimakon bugawa bisa tsari. Rukuni ɗaya aka bar su kan magani. Ɗaya rukunin aka ƙone musu mahaɗar da ke kai saƙon lantarki daga saman zuciya zuwa ƙasanta, sannan aka dasa musu na'urar da ke sa ɓangarorin ƙasan biyu su buga tare. Kashi 29 cikin ɗari na masu shan magani sun rasu. A masu na'ura, kashi 11 ne.

Sai dai wannan ƙuna ba ta warwaruwa. Daga ranar da aka yi ta, bugun zuciyar mutum ya rataya a kan na'urar har ƙarshen ransa: a riƙa duba ta a kai a kai, a sauya ta idan batirinta ya ƙare, a gaggauta idan ƙwayoyin cuta suka shiga wurin dashen. Manomin da ke Kaikai a ƙaramar hukumar Kusada, wanda babban asibitin Kankia ne madogararsa ta kusa, sai ya dangana da Katsina ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano kafin ya ga ƙwararren likitan zuciya. Dasa masa na'ura ba tare da tanadin bibiya ba, jefa shi cikin wani sabon haɗari ne.

Su ma majinyatan ba iri ɗaya ba ne. Na Turai sun haura shekara 70 a matsakaici. Binciken THESUS-HF na 2012, wanda ya ƙunshi mutum 1,006 a ƙasashen Afirka tara har da Najeriya, ya samu matsakaicin shekara 52, kuma hawan jini ne kan gaba wajen jawo cutar. A Arewa maso Yamma akwai ƙarin masu jego da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa, lamarin da Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya daɗe yana nazari a kai. Waɗannan iyaye ne masu ƙananan 'ya'ya, kuma galibi daga aljihunsu suke biyan kuɗin asibiti, duk da dokar inshorar lafiya ta 2022 da ta wajabta shiga tsarin.

Ɗan takarar da ya yi alkawarin cibiyar zuciya a babban birnin jiha zai sha tafi. Tambayar da ta fi dacewa matasan Kankia da Kusada su yi masa ta fi wannan sauƙi: shin asibitin Kankia na da na'urar ECG mai aiki da wanda ya iya karanta ta? Karkarwar zuciya da ita ake tabbatarwa, kuma ma'aikacin lafiya a Kaikai na iya fara zarginta da taɓa jijiyar hannu kawai, idan an horar da shi. Maganin hawan jini da na hana daskarewar jini, wanda ke kare mai wannan larura daga shanyewar ɓarin jiki, su ne ya kamata a fara nema a kasafin lafiya na jihar Katsina.