Ja da Baya ga Rago

Wata rana da la'asar sakaliya ina komowa daga fadama, sai na iske yara sun tashi daga wasan ƙwallo a filin da ke bayan makarantarmu a nan Augie, sun zauna gindin dogon yaro suna ta gardama. Ahmed Musa suke wa gardamar. Wani yaro ya ce ai duk 'yan wasan Nijeriya ba kamarsa. Wani kuwa ya kada baki ya ce, "Ina gwanintar take? Mutumin da ya tafi Ingila aka ajiye shi a benci, har ya gaji ya gudu?" Da suka gan ni sai suka ce, "Malam, raba mu." Na ce su dakata tukuna in ba su labarinsa tun daga fari, sa'an nan in faɗi ra'ayina. Abin da na gaya musu ke nan na rubuta, domin ku ma ku karanta ku auna.

An haifi Ahmed Musa a Jos ran 14 ga Oktoba, 1992. Mahaifinsa ya rasu tun yana ƙarami, mahaifiyarsa ce ta yi ɗawainiyarsa. A Jos ya koyi wasa. Cikin 2009 ya zo ƙungiyar Kano Pillars, a nan ya ci ƙwallo 18 cikin kakar wasa guda, abin da ba a taɓa yi a gasar ƙasar nan ba kafinsa. Allah ya hore masa gudu, in ya ɗauki ƙwallo ya sheƙa, da wuya mai tsaron baya ya cim masa. Cikin 2010 wata ƙungiya ta ƙasar Holan mai suna VVV-Venlo ta ɗauke shi. Cikin 2012 ya wuce CSKA ta birnin Mosko a ƙasar Rasha, inda sanyi kan daskarar da ruwa ya zama kamar dutse. Sau uku suna cin gasar ƙasar yana cikinsu.

Ƙasarsa ma ta ci moriyarsa. Yana cikin waɗanda suka ciwo wa Nijeriya kofin Afirka cikin 2013 a Afirka ta Kudu. Cikin 2014 kuma, a gasar cin kofin duniya da aka yi a Birazil, Nijeriya ta kara da Ajantina. Messi ya ci, Ahmed ya rama nan take. Messi ya sake ci, Ahmed ya sake ramawa. Ko da yake an cinye mu uku da biyu, tun daga ran nan duniya ta san sunansa.

To, cikin 2016 sai ƙungiyar Leicester, wadda ake faɗa Lesta, ta saye shi fam miliyan 16 da ɗoriya. A shekarar nan kuwa ita ce zakara a Ingila duka. Kowa ya ce Ahmed ya kai inda za shi. Amma abin bai zo yadda aka zata ba. Wasa 21 ya yi musu a babbar gasar ƙasar, ya ci ƙwallo biyu tak. Mai horar da 'yan wasan da ya kawo shi, watau Claudio Ranieri, aka sallame shi cikin Fabrairu, 2017. Waɗanda suka biyo bayansa ba su cika sa Ahmed a wasa ba. Sai ya zama 'yan'uwansa na fili, shi kuwa yana gefe yana kallo, wata da watanni.

A nan ne hanya ta rabu masa biyu. Yana iya zamansa a Ingila, yana karɓar albashi mai tsoka, ana kiransa ɗan wasan babbar ƙungiya, ƙafarsa kuwa tana sanyi. Yana kuma iya komawa inda ya fito, mutane su ce ya kasa. Ya zaɓi ta biyu. Cikin Janairu, 2018 ya koma CSKA a matsayin aro, ya shiga wasa yana cin ƙwallo kamar da. Bayan wata biyar aka yi gasar cin kofin duniya a Rasha ɗin. Ran 22 ga Yuni Nijeriya ta haɗu da Aisilan, wani tsibiri na arewacin Turai, aka tashi biyu da babu, duka biyun kuwa Ahmed ne ya ci su. Ya zama yana da ƙwallo huɗu a gasar duniya ke nan, ya wuce duk 'yan Nijeriya da suka riga shi.

Yanzu ga ra'ayina. Yaron da ya ce Ahmed bai yi nasara a Ingila ba, gaskiya ya faɗa, ba kuwa zan ɓoye muku ba. Amma da ya ce gudu ya yi, a nan ya kuskure. A ganina, cikin rayuwar mutumin nan duka ba abin da ya fi komawarsa Mosko cancantar a yi koyi da shi. Gudun ƙafa baiwa ce, ba kowa Allah ya ba ba. Amma mutum ya dubi kansa ya ce, "Nan ba na ci gaba, bari in ja da baya in sake shiri," wannan hali ne, kowane yaro kuwa yana iya koyonsa. Da ya tsaya kunyar bakin mutane, da wuya ƙafar da ta yi wata da watanni a benci ta ci ƙwallayen nan biyu.

Ba sau ɗaya ya yi haka ba. Bayan ya yi wasa a ƙungiyar Al-Nassr ta Saudiyya, ya zauna 'yan watanni ba shi da ƙungiya. Cikin Afrilu, 2021, yana kyaftin ɗin 'yan wasan Nijeriya, sai ya komo Kano Pillars inda ya yi wasa yana saurayi, bai ce ya fi ƙarfinta ba. Daga nan ya sami hanya zuwa Turkiyya. Cikin 2024 ya sake komowa Pillars, cikin 2025 aka naɗa shi babban manajanta. Jimlar wasannin da ya yi wa ƙasarsa ta wuce ɗari.

Wani zai ce, ashe duk wanda abu ya yi wa wuya sai ya bari ya koma gida? A'a. Ja da baya iri biyu ne. Akwai na malalaci, wanda ke gudun aiki. Akwai na mai hankali, wanda ke neman inda zai yi aikin. Ahmed bai bar Ingila don ya huta ba, ya bari ne don ya sami filin da zai yi gumi. In kuna so ku rarrabe su, ku dubi abin da mutum ya yi bayan ya ja. Malalaci kwanciya yakan yi, mai hankali kuwa ɗamara yakan ƙara.

Har wa yau, ku dubi Baturen da ya fi kowa ci wa Lesta ƙwallo a lokacin da Ahmed yake can, watau Jamie Vardy. Yana ɗan shekara 16 ƙungiyar Sheffield Wednesday ta sallame shi. Ya koma ƙananan ƙungiyoyi, yana aiki a masana'anta yana kuma yin wasa. Sai da ya shekara 25 ya zo Lesta. Cikin 2015 ya ci ƙwallo a wasa goma sha ɗaya a jere, daga baya ya yi wa Ingila wasa a gasar duniya. Kun ga shi ma sai da ya gangara sa'an nan ya hau.

Ba don ƙwallo kaɗai na kawo muku labarin nan ba. Ƙarshen kowace shekara akan sami yaron da bai ci jarrabawa ba, a ce ya maimaita aji. Sau da yawa kunya kan hana shi zama da ƙannensa, sai ya daina zuwa makaranta ɗungum. Na ga irin wannan da idona, yaro mai basira, shekara guda ta sa ya yi hasarar karatunsa duka. Haka kuma saurayi kan tafi ci-rani birni, abin ya ƙi, amma ya gwammace ya yi ta gararamba da ya komo hannu wofi. Alhali ga fadamar gulbin Rima tana jiransa. Manoman shinkafarmu sun fi shi wayo, gama in ambaliya ta cinye shukar damina ba sukan zauna zugum ba, sukan jira ruwa ya janye su kama noman rani.

Saboda haka, in Babbar Salla ta matso, ku tsaya ku dubi raguna biyu za su yi karo. Kowanne sai ya ja da baya taki da yawa, kansa a sunkuye, wanda bai sani ba ya ce tsoro ya ji. Shi ya sa Hausawa suka ce ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. Ran da aka ce ɗayanku ya maimaita aji, ya tuna da ragon nan, ya tuna da Ahmed Musa, ya ɗauki littattafansa ya koma ajin da sassafe.

Tambayoyi

1. A ina aka haifi Ahmed Musa, kuma cikin wace shekara?
2. Me ya sa ya bar Ingila ya koma Mosko?
3. Ta yaya za ka rarrabe ja da bayan malalaci da na mai hankali?