Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga masu girkin biki na Bonkuku da ƙasar Kurfai, a kan miyar cuku da nama

Miyar cuku da nama, wadda ake ajiyewa da zafinta a tsakiyar taro kowa yana dangwala burodi, baƙuwa ce a Bonkuku da ƙasar Kurfai. A Amurka, inda ta fi karɓuwa, ana soya niƙaƙƙen nama mai yaji irin wanda ake ɗurawa cikin hanji, a zuba masa tumatir da tonka, a narkar da cukun kamfani a kai, sannan a bar tukunyar bisa 'yar wuta har taro ya watse. Naman da suke sawa galibi na alade ne. Da girkin ya iso ƙasar Musulmi ta wayar salula, sai aka musanya shi da na sa ko na rago, wasu kuma suka koma ga margez, wato ɗurarren naman nan mai jan yaji na mutanen Aljeriya da Tunisiya. A nan ta tarar da 'yar'uwarta ta gida, miyar nama da albasa da ake ci da burodi ko masa ranar suna da ranar ɗaurin aure. Cuku ne kaɗai sabon abu a cikinta, kuma a kansa matsala ta fara.

Kafin a shiga ƙorafi, a ba mai haƙƙi haƙƙinsa. Masu girkin biki, uwaye da ƙannai da 'ya'ya, suna tashi tun kafin kiran assalatu, suna shaƙar hayaƙi, suna ciyar da ɗaruruwan mutane da kuɗin da sau da yawa bai kai ba. Tsabtar kwanoni da rufe abinci sun fi na da. Allah ya saka da alheri. Sai dai akwai abubuwa biyu da suka zama ruwan dare a wannan miya, kuma yin shiru a kansu ba zumunci ba ne.

Na farko shi ne yadda ake wulaƙanta cuku a cikin tukunya. Mai girki takan sayi fallen cuku busasshe, ta kakkarya shi da hannu, ta watsa cikin miya tana tsakar tafasa, ta ƙara ice. Bayan ɗan lokaci sai mai ya taso sama, cukun ya dunƙule a ƙasa kamar guntayen roba, haƙori ba ya iya raba shi. Daga nan sai a yanke hukunci cewa cukun gida ba ya girki, a aiki yaro kanti ya sayo na kwali, mai kusurwa uku a cikin takardar gwangwani. Wannan hukunci zalunci ne, kuma rashin sanin abin da ke hannu ne ya jawo shi.

Cukun Nijar, wanda Abzinawa ke kira takomart, da madarar da aka tatso yanzu-yanzu ake yin sa, tun ɗumin jikin saniya bai bar ta ba. Ana zuba mata ɗan ruwan da aka jiƙa wani sashe na tumbin ɗan akuya ko ɗan maraƙi wanda bai fara cin ciyawa ba. Madarar ta kama, a kwashe ta a shimfiɗa bisa 'yar tabarmar tsinke, a lallatsa da hannu ruwan ya tsiyaye, a shanya. Zanen tsinken nan da ake gani a jikin falle daga tabarmar ya samo shi. Falle ɗaya yakan ci madara lita guda ko fiye, shi ya sa ba ya araha. Ba a bar madarar ta yi tsami ba, ba a ajiye cukun ya nuna na watanni ba, kuma rana ta zuƙe ruwansa. Abin da ya rage saƙa ce mai ƙarfi ta sinadarin gina jiki, riƙe da kitse a tsakaninta. Idan wuta ta yi yawa, saƙar takan ƙara tsukewa, ta matse kitsen ya fito. Man da ke yawo a saman miya ke nan, robar da ke ƙasa kuma ita ce saƙar.

Na kwali kuwa, don ya narke aka ƙera shi. A shekarar 1911 Walter Gerber da Fritz Stettler a ƙasar Suwizalan suka gano cewa idan aka dafa cuku da wani irin gishiri da ake samu daga sinadarin tsamin lemo, kitse da ruwa ba sa rabuwa. James Kraft ya yi rajistar tasa dabarar a Amurka a 1916, Léon Bel kuma ya fito da La Vache qui rit a Faransa a 1921. Ba haram ba ne, ba guba ba ne, wanda ya so ya sa. Amma narkewar da yake yi aikin gishirin kamfani ne, mai girki ba ta da yabo a ciki.

Abin da ke da ciwo shi ne wurin da ake wannan watsi. Tukunus na nan arewa da Filinge, tafiyar kilomita kamar 20, inda tun 1954 ake kiwo da zaɓen shanun Azawak, waɗanda aka sani da yawan nono a duk yankin Sahel. Matafiyin da ya fito daga can zuwa Yamai, ya bi ta Bonkuku da Baleyara, cuku ne tsarabar da ake jira daga hannunsa. A 2023 hukumar OAPI, mai kula da haƙƙin mallakar kayan sana'a a ƙasashen Afirka da dama, ta miƙa wa Nijar takardun rajistar kilishi da albasar Galmi da fatar jan akuyar Maraɗi da cuku. Mutanen waje sun yarda abin na Nijar ne. A ce ranar biki a gindin Tukunus, cukun da aka yi a wata ƙasa ne ke cikin tukunya, na gida yana rataye a kasuwa yana shan ƙura! Tsofaffin da suka riƙe wannan sana'a ba su san sunan sinadari ko ɗaya ba, amma ba a taɓa ganin ɗayarsu ta jefa busasshen cuku cikin tafasasshen ruwa ba. In da shayi za a ci, sai a kara shi kusa da garwashi, ba a kai ba, har ya yi laushi ya fara ƙamshi. In fura za a dama, sai a sa shi a turmi a daka shi lilis tare da gero. Tsohuwa takan ce cuku ɗan nono ne, yadda ake lallashin nono haka ake lallashinsa. Yawancin matan nan sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙan su, kuma da yawa cikin jikokinsu sun fi yarda da hoton waya bisa abin da suka gani a tsakar gidansu.

Turmin nan nasu shi ne maganin matsalar. A daka cuku har ya zama gari, a jiƙa shi a madara mai ɗumi kamar rabin awa ya sha ruwa. A dafa kwampitar, dankalin turawan da Bonkuku ta yi suna da shi a fadamun Dallol Boso, a murje shi sumul, a dama cikin madarar. Sitacin dankali yana shiga tsakanin ƙwayoyin cuku ya hana su haɗuwa, kamar yadda mutanen Suwizalan ke sa ɗan garin sitaci a narkakken cukunsu. Ga nama kilo guda, albasa manya uku, cuku falle huɗu ko biyar, madara lita guda da dankali uku matsakaita sun isa. Nama da albasa da tumatir a soya su dabam har su nuna sarai, a tsiyaye rarar mai. Tumatir ya soyu tsaminsa ya mutu tukuna, don ɗanyen tsami yana tsinka madara. Sai a janye ice, a bar garwashi, a zuba haɗin cukun kaɗan-kaɗan ana juyawa. Alamar da ake nema ita ce tururi mai kauri da 'yan ƙananan kumfa a gefen tukunya. Idan tsakiya ta fara bul-bul, wuta ta wuce. Ba za ta yi santsi da yauƙi kamar ta hoto ba, za a ji ɗan tsaki-tsaki a harshe, amma ƙamshin nonon saniya zai fito, wanda na kwali ba shi da shi. Mai haƙuri yakan dafa dutse, balle cuku.

Maganar nama gajeriya ce. Niƙaƙƙen nama yana ɓoye asalinsa, yaji da dunƙulen ɗanɗano kuma suna rufa masa asiri. Mai girki ta tsaya gaban mahauci ta zaɓi tsokar da idonta, a niƙa a gabanta ko ta sassara da wuƙa a gida, kuma a dafa shi ranar da aka yanka. Ƙwayoyin cutar da ke bayan tsoka, niƙa kan shigar da su ciki, saboda haka kada a bar ja ko kaɗan a tsakiya.

Laifi na biyu ya fi na farko muni, don na farko ɗanɗano yake ɓatawa, wannan kuwa lafiyar jama'a yake taɓawa. Shi ne kula. An ga haka a wani suna da aka yi cikin bazara: an sauke miya da hantsi, aka juye ta cikin manyan kuloli, aka jera a zaure. Baƙi ba su taru ba sai bayan azahar. Kafin nan an buɗe kula ɗaya ya fi sau goma, wannan ta ɗiba wa mijinta, waccan ta ɗanɗana da ludayin da ta mayar ciki, yaro ya leƙa. Da aka kawo ta gaban maza, fatar mai ta kwanta a sama, ba tururi, ba sanyi, ɗumi-ɗumi kamar ruwan wankan jariri. Aka ci, aka yi addu'a, aka watse. Da dare gidaje da dama ba a runtsa ba saboda amai da zawo, tsoho ɗaya sai da aka yi masa ƙarin ruwa. Washegari aka ce iska ce, wasu suka ce baki ne.

Ba iska ba ce. Madara da nama su ne abincin da ƙwayoyin cuta suka fi so, kuma ɗumi-ɗumin nan shi ne yanayin da suka fi hayayyafa a ciki. Wasunsu kan ninka yawansu cikin minti 20. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗi ƙa'idar a sarari: a dafa abinci har cikinsa ya kai digiri 70, a riƙe shi sama da digiri 60 har a ci, in ajiyewa za a yi a sa shi ƙasa da digiri 5, kuma dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a ajiye haka kawai. A Filinge da kewaye zafin Afrilu da Mayu yakan haura digiri 40 a inuwa, don haka awa biyun ma an yi sassauci. Kula ba ta ƙara zafi, jinkirta hucewa kawai take yi, kuma kowane buɗewa yana rage abin da ta riƙe. Akwai kuma wata ƙwaya da ke zaune a hanci da fatar mutum, wadda idan ta sami wuri cikin abinci takan zubar da dafi. Sake tafasawa yana kashe ƙwayar, amma dafin yana nan daram. Wanda ya ce ai za a ɗumama da yamma, bai tsira ba.

Nan ma magabata sun riga kowa. Uwar tuwo ta da ba ta da kula, murhu take da shi, kuma ba ta barin gindinsa. Tukunya tana bisa garwashi tun daga saukar girki har kwanon ƙarshe, yarinya ɗaya aikinta kawai tura gawayi da juyawa. Ludayi ɗaya ne, a hannunta yake, ba mai taɓa shi ko da uwar amarya ce. Ana zuba wa mutane rukuni-rukuni, kwano ya fita yana tururi. Yau mai girki takan juye ta rufe, ta karɓi cikon kuɗinta, ta wuce wani bikin, abin da ya biyo baya ba ruwanta. Wannan ba sana'a ba ce, cin amana ne, ko da ba da niyya aka yi ba. Mutumin da ya sa hannu a kwanon biki bai tambayi wa ya dafa ba, ya yarda ne kawai.

Kalmar cin amana ta yi nauyi, a yi haƙuri da ita. Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba, kuma masu biki suna da nasu kason, don su ne ke cewa a kawo abinci ƙarfe tara alhali sun san ba za a ci ba sai ƙarfe biyu. Mai girki tana da ikon ta tambayi lokacin ci na gaskiya, ta lissafa baya. Soyayyen nama yana iya jira bisa wuta, haɗin cuku kuwa a zuba shi saura rabin awa a fara rabo. Hakan yana gyara laifi biyun a lokaci guda, tunda garwashin da ke hana cuku dunƙulewa shi ne ke riƙe miya sama da zafin da cuta ke so. Yana da kyau a tuna kuma cewa madarar cuku ba a tafasa ta wajen yi, saboda haka zafin digiri 70 ɗin nan ya ratsa shi sosai kafin a sauke, musamman inda masu ciki da ƙananan yara za su ci. Tsakanin 70 da tafasa akwai fili mai faɗi, kuma a cikinsa gwanintar mai girki take.

Wajen rabo, ƙananan kwanoni sun fi babbar roba. A zuba abin da mutum biyar ko shida za su cinye cikin ɗan lokaci, in ya ƙare a ƙaro daga tukunya. A yanka burodi ƙanana yadda loma ɗaya za ta ɗauke, don kada wanda ya gatsa ya sake mayarwa cikin miya. Butar wanke hannu da sabulu su riga kwano isa tabarma. Abin da ya dawo daga gaban baƙi ba ya komawa tukunya, ba a kuma ba almajirai shi bayan ya wuni, don cikinsu ba dabam yake da na 'ya'yan gida ba. Wanda ya rage a tukunya da zafinsa a raba wa maƙwabta nan take. Inda akwai firji kuma wuta ta tsaya, a juye shi cikin faffaɗan kwano marar zurfi don ya yi saurin hucewa, a sa a ciki kafin awa biyu, washegari a ɗumama shi sau ɗaya tak, a hankali, har tururi ya tashi daga tsakiyarsa.