Tsohon firigo da dokar Gana

A 2007 gwamnatin Gana ta raba wa jama'a ƙwayayen fitila masu tsimin wuta miliyan 6 kyauta. A 2008 ta kafa dokar hana shigo da tsofaffin firigo, wadda ba ta fara ci ba sai 2013.

Ƴan kasuwa sun koka, kuma suna da hujja: ba sha'awa ke kai talaka ga tsohon firigon Turai ba, aljihunsa ke zaɓa masa. Amma arhar nan ta yaudara ce, takardar kuɗin wuta tana ƙwace ta wata-wata.

Nijar, wadda Nijeriya ta yanke wa lantarki a 2023, tana bukatar irin wannan doka. Sai dai hukuma ta fara sassauta kuɗin duwan na sabon firigo kafin ta rufe wa tsoho ƙofa.