Kada Mu Jira Sai Ɗan Gidanmu Ya Kwanta



'Yan'uwa ɗalibai da iyayenmu na Farcha, mai ciwon daji da ake yi wa maganin kemo yakan buƙaci ƙarin jini. Maganin nan yana kashe ƙwayoyin ciwon, amma yana taɓa ɓargo, inda jiki ke samar da jini. Sai ka ga mutum ya ɗashe, taku kaɗan sai haki. In jinin ya yi ƙasa sosai, likita kan ɗage magani na gaba har sai ya farfaɗo. Ciwon kuwa ba ya jira.

To ina jinin zai fito? Daga jikinmu. Ledar jini ba ta wuce kwana 42 a firij, shi ya sa cibiyar jini ta ƙasa, CNTS, a nan Njamena, kullum take neman masu bayarwa.

Wasu suna ɗari-ɗari, wai jini yana haramta aure kamar shayarwa. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa a Makka ta yanke a 1989 cewa ba ya haramtawa. Sayar da shi ne ta hana.

Da yawanmu baɗi za mu cika 18. Mai lafiya da ya kai kilo 50, kimanin mililita 450 ake ɗiba, jiki kuma ya mayar. Ranar 14 ga Yuni, ranar masu ba da jini ta duniya, mu ɗunguma tare, mu bayar don Allah, ko ba mu san mai karɓa ba.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.